Taron iyaye a makaranta: Me za a sa, kuma don wa ake kwalliyar?

Da zarar watan Yuli ya kama, ka lura da abin da ke yawo a WhatsApp da TikTok. Yara cikin rigunan yaye ɗalibai, iyaye a gefe sun sha ado, ana ta ɗora hotuna ana rubuta "Alhamdulillah, yarona ya gama firamare." Abin gwanin sha'awa. Amma in ka ƙura wa wasu hotunan ido sai ka rasa gane wanda aka yaye, yaron ne ko mahaifiyarsa. Shi yana can gefe an yanke masa rabin fuska, ita kuwa leshinta da sarƙarta sun cika allon waya.

Kada ka ce wannan maganar dattawa ce, ba ruwanka. A cikin masu karanta wannan shafi akwai wadda ta yi aure tana aji biyu a jami'a, yau ɗanta yana nazare. Akwai babban yaya, wanda duk ranar da makaranta ta aiko da takarda Baba zai ce, "Kai, je ka wakilce ni, ina kasuwa." Akwai kuma Anti, wadda ita ce mai raka Umma ko'ina, kuma ita ake tambaya, "Wanne zan sa a cikin waɗannan?" Don haka tambayar tamu ce, kuma ba ƙarama ba ce, domin akwai iyayen da ita ke hana su halartar taron 'ya'yansu gaba ɗaya.

Amsarta ba ta da wuya in ka riƙe abu ɗaya: ranar ta yaron ce. Duk kayan da za ka ɗauko, ka auna su da shi.

Tufa ma magana take yi

A darussan sadarwa, abin da ake fara cusa mana shi ne ba baki kaɗai ke isar da saƙo ba. Tsayuwarka, kallonka da suturarka duk suna magana kafin ka yi sallama. A taron makaranta kuwa masu karanta wannan saƙon kashi uku ne.

Na farko malamai. Su suna son ganin cewa gidan da yaron ya fito gida ne da ya ɗauki karatu da muhimmanci. Na biyu sauran iyaye, waɗanda a cikinsu akwai ɗan kasuwa mai shaguna, akwai ma'aikacin da albashi bai shigo ba, akwai mai tura baro da ya haɗa kuɗin makaranta da kyar. Na uku, kuma mafi kaifin ido, yaran kansu. Yara ba sa mantuwa. Abin da ka sa ranar Asabar, shi ne hirar aji ranar Litinin, kuma ƙanenka ko ɗanka ne zai zauna cikin wannan hirar, kai kana can gida.

Yawancinmu kashi na biyu kaɗai muke tunawa idan mun buɗe durowa. Tunanin shi ne Maman wane za ta zo, kada ta raina ni. To daga nan matsalar take farawa.

Fara da tambaya: wane irin taro ne?

Ba duk taron makaranta ne iri ɗaya ba, kuma kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauki wankan biki a tafi da shi ko'ina.

Taron iyaye da malamai, wanda aka fi sani da PTA, zaman aiki ne. Maganar kuɗin makaranta ake yi, da gyaran ajujuwa, da tarbiyya. Shiga ta kamala ta wadatar: atamfa ko abaya da mayafi mai rufe jiki, ko kaftani na yadi da hula. Ka yi tunani, mace ta ci gwal hannu da wuya, sannan ta miƙe tana roƙon hukumar makaranta ta rage kuɗi saboda rayuwa ta yi tsada. Gaskiya take faɗa, amma wa zai saurare ta? Suturarta ta riga ta ƙaryata bakinta.

Ranar rabon kyaututtuka da yaye ɗalibai ita ce ke da ɗan sarari na ado, domin ranar farin ciki ce, kuma akwai yiwuwar a kira ka gaba ka tsaya kusa da yaro a ɗauki hoto. A nan shadda mai guga ko leshi marar hayaniya sun dace. Amma fa ka tuna a kujerar roba za ka zauna, ƙarƙashin rumfa, sa'o'i uku ko huɗu. Ke kuma mai son gwaggwaro, ki tausaya wa na bayanki. Ita ma ta zo ganin ɗanta ne, ba ƙeyar ɗaurinki ba.

Walimar saukar Alƙur'ani a Islamiyya tana da nata ladabin. Wurin malamai ne da karatu. Hijabi ko mayafi babba ga mata, shigar da za ka iya zuwa masallacin Juma'a da ita ga maza. Duk kwalliyar da za ki ji nauyin gaida Malam da ita, ki bar ta a gida.

Ranar ziyara a makarantar kwana kuwa aiki ce zalla. Za ka ɗauki kula, da ledar garin kwaki da ƙuli-ƙuli da sabulu, ka yi tafiya daga bakin ƙofa zuwa inuwar bishiya, ka zauna a tabarma. Wanda ya sa farar shadda ranar nan ya ɗauko wa kansa aiki. Miya za ta zuba, yaro zai rungume ka da hannun da ya ci shinkafa. Kayan da za su ɗauki wannan ba tare da ranka ya ɓaci ba, su ne kayan ranar.

Sai ranar gasar wasanni, wadda makarantu da yawa ke saka tseren iyaye a cikinta. Idan kin san ɗanki zai zo ya ja hannunki yana cewa "Mama, ki shiga," to tun daga gida ki zaɓi takalmi shimfiɗaɗɗe da siket ko doguwar rigar da za ki iya ɗaga ƙafa a ciki. Ba abin da ya kai wannan tseren daɗi a wurin yaro, ko da ke ce ta ƙarshe.

Idan kuma ranar al'ada ce, makaranta ce da kanta ta ba da dama. Fito da saƙi, da ƙwarya, da malafa, da babbar riga. Wannan ita ce rana ɗaya da yawan ado ba ya zama laifi.

In takardar gayyata ba ta fayyace ba, ba abin kunya ba ne ka tura wa malamin aji saƙo ka tambaya: a zaure za a yi ko a fili? Ƙarfe nawa za a tashi? Amsar waɗannan biyun kaɗai ta isa ta zaɓa maka kaya.

Rana, ruwa da ƙura

Yawancin makarantunmu a fili suke taro, don haka yanayi yana da ta cewa. Zango na uku yana ƙarewa ne a Yuli, tsakiyar damina. Filin makaranta ya sha ruwa, takalmi mai tsini nutsewa yake yi, doguwar riga mai jan ƙasa kuma taɓo take kwasa. Zango na farko yana ƙarewa a Disamba, lokacin hunturu. Baƙin kaya da baƙin takalmi kafin a tashi sun koma ruwan ƙasa, ga sanyin safe da ke neman mayafi mai kauri. Taron da ya faɗo a Maris ko Afrilu kuwa, zafin bazara ne. Leshi mai nauyi da duwatsu, ko yadin roba da ba ya shan gumi, azaba ce kawai. Atamfa ta auduga, boyel ko yadi marar nauyi sun fi rufin asiri.

Haka kwalliyar fuska. Hodar da aka shafa kamar ta amarya ba ta jure rana ƙarƙashin rumfa. Kafin a kira sunan yaro ta fara tsiyaya, hoton da aka yi wahalar dominsa ya lalace. Kwalli, hoda kaɗan da man leɓe sun fi daɗewa. Turare ma a sassauta, domin a cunkoso za a zauna, kuma akwai yara masu asma.

Lissafin aljihu

Yanzu mu zo kan kuɗi, don nan ne gizo ke saƙar. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kowa ya san yadda farashi ya tashi. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne. Ka shiga Kantin Kwari a Kano ka tambayi turmin atamfa sufa ta Holan ta asali, ko yadi biyar na shadda Getzner, wadda ake kawowa daga Ostiriya. Kowanne ya haure wannan albashin. Ba a yi maganar tela ba, ba a yi ta takalmi da jaka da mayafin da zai shiga da kayan ba.

Sannan ka duba lokacin. A Yuli ake yaye ɗalibai, a Satumba ake komawa sabuwar shekarar karatu, da kuɗin makaranta, da sababbin littattafai, da yunifom. Tsakaninsu bai kai wata biyu ba. Iyaye da yawa sun kwashi adashe, ko sun karɓi kaya bashi wurin dillaliya don taron yini ɗaya, Satumba ta zo aka koro yaron gida saboda ba a biya ba. Yaron da aka ce dominsa aka yi kwalliyar, shi ne ya biya kuɗinta da karatunsa. Kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba ke nan.

Abin ya kai har hukumomi sun fara sa baki. A watan Agustan 2025 gwamnatin jihar Imo ta hana shagalin yaye 'yan nazare da 'yan aji uku na ƙaramar sakandare, ta bar shi ga masu gama firamare da babbar sakandare kawai, ta ce don a rage wa iyaye nauyi. Ko ka yarda da dokar ko ba ka yarda ba, ta nuna cewa kukan ba na gida ɗaya ba ne.

Mafita kuwa tana cikin durowarka. A 'yan shekarun nan Babbar Sallah tana faɗowa gab da lokacin yaye ɗalibai. A 2025 ranar 6 ga Yuni aka yi ta. Wato kayan Sallah ko wanki biyu ba su sha ba. Me ya hana a maimaita? Haka kayan Kirsimeti ga 'yan uwanmu Kirista. Tsohuwar shadda in ta sha sitati, aka kai ta wurin masu bugu, sai ta dawo tana ƙyalli kamar yau aka yanko ta. Atamfar bara in aka canza mata mayafi da ɗauri, ta zama wata. Wanda kuma takalmi ko jaka kaɗai yake nema, Ƙofar Wambai a Kano, Kasuwar Barci a Kaduna da Katako a Jos suna nan, kuma ba wanda zai tambaye ka rasit.

Ga wata riba: wanda bai kai ɗinki ba, alƙawarin tela bai shafe shi ba. Duk mun san yadda ake yi. Ranar taro da safe kana tsaye a shago ana haɗa hannun riga, can kuma an fara kiran suna.

Aro fa? Tsakanin 'yan uwa ba laifi ba ne, yaya da ƙanwa sun saba musayar mayafi da jaka. Amma aron gwal ko leshin maƙwabciya don a ce da ke wata ce, wannan ɗaukar fargaba ne. Za ki wuni kina kare kayan daga hannun ɗanki, shi kuwa so yake ya rungume ki. Hausawa sun riga sun faɗa, kayan aro ba ya rufe katara.

Maganar anko

Wani sabon salo shi ne ankon iyaye. A zauren WhatsApp na aji wata za ta ɗora hoton atamfa ta ce, "Iyaye, ga wadda muka fitar, a tura kuɗi kafin Juma'a." Mutum biyar suka yanke, mutum arba'in za su biya. Wadda ba ta da shi ba za ta iya fitowa cikin jama'a ta ce ba ta da shi ba. Shiru za ta yi, ranar taro kuma ko ta zo ta zama bare a cikin masu anko, ko ta ƙi zuwa.

Anko a biki wani abu ne, domin dangi da ƙawaye ne suka zaɓi juna. Iyayen aji kuwa ba su zaɓi juna ba, makaranta ce ta haɗa su, kuma aljihunsu ba ɗaya ba ne. In kana cikin irin wannan zauren, ko kai ne ke riƙe wa Umma waya, ka yi ƙarfin hali ka kawo shawara cikin ladabi: a zaɓi launi maimakon atamfa. A ce kowa ya sa shuɗi, ko fari. Kusan kowane gida akwai shuɗi ko fari. Hoto zai yi kyau, ba wanda ya ci bashi. Za ka yi mamakin yawan waɗanda za su biyo ka ta bayan fage su ce Allah ya yi maka albarka.

Kujerar da ba kowa

Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai a duk maganar. A kusan kowane taron rabon kyaututtuka akwai lokacin da mai lasifika zai kira yaro, ya ce iyayensa su fito, a jira, a sake kira, ba wanda ya tashi. Ƙarshe wata malama ta fito ta tsaya masa. Wani lokacin aiki ne ya riƙe iyayen, wani lokacin rashin lafiya. Amma sau da yawa dalilin shi ne wanda ba a faɗa: "Ba ni da kayan da zan shiga cikin waɗannan mutanen."

Ka tsaya ka yi tunanin wannan yaron. Ya yi shekara yana karatu, wataƙila da fitilar waya, ya doke 'ya'yan masu hali ya zo na ɗaya. Abin da yake so kawai ya waiga ya ga fuskar da ya sani. Ba ruwansa da ko atamfar ta kwana biyu. Yaro ɗan firamare bai san bambancin sufa da 'yar Chaina ba, amma ya san bambancin Mama ta zo da Mama ba ta zo ba.

Shi ya sa kece raini a taron makaranta ba wasa ba ne. Duk lokacin da wasu suka ɗaga ma'aunin ado, akwai uwar da suka tura waje ba tare da sun sani ba. Mai hali da ya sassauta shigarsa, ya buɗe wa wani ƙofa. Idan kuma Umma ce ke cewa ba za ta je ba don ba ta da na sawa, aikinka ne ka wanke mata wanda take da shi, ka goge, ka nemo Adaidaita Sahu, ka raka ta har kujera.

Ku da aka aika wakilci

Mu matasa namu kuskuren daban ne. Wasunmu ba yawan ado ne matsalarsu ba, rashinsa ne. Saurayi zai tashi daga majalisa da rigar ƙwallo, yagaggen wando da silifas ɗin wanka, ya nufi makarantar ƙanwarsa. Maigadi zai tsayar da shi a ƙofa yana tambayar wa ya aiko shi, kuma da gaskiyarsa. In ya shiga, malamin aji ba zai buɗe masa cikinsa ba, domin bai ga alamar wanda zai kai saƙo gida ba.

Ranar nan sunan Baba ka ɗauko. Kaftani da hula, ko riga da wando masu guga da takalmi rufaffe, sun isa a ba ka kujera a kira ka Yayan wance cikin girmamawa. Ke ma Anti, shigar zuwa dina ko ta ɗaukar bidiyon TikTok ba ta nan ba ce. Makarantar sakandare cike take da samari masu tashen balaga, kuma ƙanenki ne zai sha tsokana bayan kin tafi.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka tambayi mai ranar. Yaron da ya kai sakandare ya san makarantarsa fiye da kai. Nuna masa kaya biyu ka ce wanne. In ya ce, "Yaya, don Allah ban da wannan," ka ji maganarsa, ko da ita ce rigar da ka fi so.

Kafin ka ɗora hoton

Tunda dai rabin kwalliyar don waya ake yi, bari mu faɗi gaskiya a kanta. Hoton da ya nuna gwal da mukullin mota, ga bajon makaranta a ƙirjin yaro, ga sunansa da ajinsa a rubuce, ya gaya wa duniya abubuwa uku: akwai kuɗi a gidan, ga yaron, ga inda ake samunsa kullum da safe. A wannan zamani na garkuwa da mutane, wannan ba bayanin da za a raba wa baƙi ba ne. Rufe bajon, ko ka taƙaita masu gani.

Sannan ka duba bayan hoton. 'Ya'yan wasu ne a ciki, kuma ba ka nemi izinin iyayensu ba. Mafi muni shi ne masu ɗaukar wata uwa ko wani uba a ɓoye, a ɗora ana dariyar shigarsu. Wannan bidiyon zai kai wayar 'yan ajin ɗansu kafin magariba. Dariyar minti ɗaya a wurinka, shi kuwa yaron zai ɗauke ta har ya gama makarantar.

Makarantu ma suna da rawar takawa. Layi ɗaya a takardar gayyata, cewa ba anko kuma kowa ya zo da shigar da ta sauwaƙa gare shi, zai cika kujeru da yawa.

Daren taro, kafin ka kwanta, fito da kayan ka shimfiɗa su a gado ka tambayi kanka: zan iya zama da su sa'a huɗu? Zan iya durƙusawa in rungumi yaro ba tare da na ture shi ba? Akwai wanda nake bin bashi ko yake bina saboda su? In amsoshin sun yi daidai, goge su ka rataye. Sai ka saita ƙararrawar waya, domin 'yan ƙananan aji ake fara kira, kuma wanda ya tsaya ɗaurin ɗankwali har ƙarfe goma sha ɗaya, sai dai a ba shi labari.